Fallen Kwanon da Muke Yin Tsawa da Shi

Ƙarfe huɗu da minti goma na yammacin Asabar ɗin da ta wuce, muna zaune mu shida a rumfar bayan shagona a Jimeta, inda ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo take yin gwaji tun kafin a haifi rabin 'yan cikinta. Akwai ni, Salihu kafinta, mai kula da tsarin dandali. Akwai Adda Rifkatu, mutuniyar Numan, tsohuwar malamar makaranta, wadda take rubuta mana wasanni. Akwai Emeka mai sayar da kwanon rufi, da 'yarsa Ngozi, wadda ta gama jami'a bara, muka ba ta jagorancin wasannin bana. Sauran biyun ɗalibai ne daga Sangere. Ba su ce komai ba, don haka ba zan sa su a magana ba.

Ƙarfe huɗu aka ce. Minti goman nan Emeka ne ya ci mana su.

Bazara ta kai tsakiya. Babu wuta, fanka tana tsaye, ruwan randa ya yi ɗumi kamar an ɗora shi a murhu. Ngozi tana fifita da takardar hannunta, ta karanta mana abin da ke gabanmu. Wasa uku ne cikin Asabar uku a jere, kafin ruwa ya sauka. Na farko a Jimeta, labarin 'yan'uwa biyu da suka gaji fadama ɗaya a bakin Binuwai. Na biyu a Sangere, wasan barkwanci a kan wani mai gidan haya da ɗaliban da suka fi shi wayo. Na uku a gefen Yolde Pate, tsohon wasanmu na manomi da hadari.

Da ta gama ta ninke takardar, ta dube ni.

"Bappa, akwai abu ɗaya. Nunin ƙarar nan, ina so mu cire shi bana."

Ga wanda bai taɓa zuwa wasanmu ba, nunin ƙara shi ne wannan. Kafin a fara kowane wasa, nakan fito gaban jama'a da duk abin da zai yi ƙara a cikinsa. In ɗaga shi kowa ya gani, in faɗi sunansa, in buga shi a kan idonsu. Ganga, ƙwarya, murfin tukunya, fallen kwano. Yana cin kwata guda.

"Yanzu sautin duk yana cikin kwamfuta," in ji ta. "Mutane sun zo kallon wasa, mu kuma muna nuna musu kwano kamar masu gwanjo. Abokaina da suka zo bara dariya suka yi ta yi."

Na dubi Emeka. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Nan na gane bai taɓa faɗa mata ba. A shekarar da abin ya faru, ya tura ta ita da uwarta can garinsu na kudu, kamar yadda 'yan kasuwa da yawa suka yi da iyalansu.

Na ce, "Ajiye takardar. Zan faɗa miki daga farko, kuma kada ki katse ni."

Abin da na faɗa mata shi ne nake rubutawa a nan, domin yawancin waɗanda za su zo kallonmu bana su ma ba su sani ba.

Bazarar da ta biyo bayan faɗuwar Mubi a hannun 'yan tada ƙayar baya ce, fiye da shekara goma ke nan. Garin nan ya cika ya batse da mutanen da suka gudo daga arewacin jiha. Wasu suna sansani, amma mafi yawa suna gidajen mutane. Gidana ɗaki uku ne, mun kai mu goma sha bakwai a ciki, dangin matata Hajara da maƙwabtansu da suka biyo su. Labulen dandalinmu, baƙi mai kauri wanda muka yi shekaru muna taƙama da shi, na rataye shi a tsakiyar ɗaki ɗaya don ya raba iyali biyu. Kayan wasanmu kuwa sun tafi tun makon farko. Mutane sun iso da rigar jikinsu kaɗai. Babbar rigar da Emeka yake sawa in ya fito a hakimi, wani dattijo ne yake zuwa masallacin Juma'a da ita, kuma ta fi yi masa kyau.

Na kafa doka a gidan, domin in babu doka mutum goma sha bakwai ba za su zauna a ɗaki uku ba. Ana idar da sallar asuba maza su tafi layin famfo. Ruwan da aka samo, na sha ne farko, sannan na girki, sannan na alwala. Wanda aka wanke kwanuka da shi ba a zubarwa, a tara shi a wanke ƙafafun yara, abin da ya rage a kai gindin lemon tsakar gida. Kunu da safe, tuwon masara sau ɗaya da yamma. Yara su fara ci, sai baƙi, sai mata, sai ni. Sau da yawa abin da ya iso gabana ƙanzo ne da ruwan miyar kuka. Ban taɓa jin daɗin ƙanzo kamar a lokacin ba, kuma ban ƙara marmarinsa ba tun daga nan.

Zafin shekarar ya wuce misali. Ƙarfe goma na safe in ka bar guduma a rana ba ka iya ɗaukarta da hannu. Binuwai ya ja baya ya bar yashi fari, yana ƙyalli har ido ya yi ciwo. Babu mai gini, babu mai rufi, saboda haka ni ba aiki, Emeka ba ciniki. Taro kuwa kowa yana gudunsa. A ƙofar kasuwa a laluba ka, a ƙofar masallaci da coci a laluba ka. Wata takwas ƙungiyarmu ba ta hau dandali ba.

Adda Rifkatu ce ta tayar da mu. Tana zuwa koyar da yara kyauta a wani sansani da aka yi a makarantar firamare can gefen Yolde Pate. Wata rana ta zo shagona, ta zauna a kan benci, ta sha ruwa kofi biyu kafin ta yi magana.

"Sali, mutanen nan manoma ne. Tun safe har yamma suna zaune gindin darbejiya suna kallon gabas. Ba su magana. Lokacin sharar gona yana wucewa suna gani, ba su da inda za su sa fartanya. Na rubuta musu wasa."

Wasan manomi ne da matarsa. Ruwa ya yi jinkiri, abinci ya ƙare, shi yana so a dafa irin shuka a ci, ita ta ɓoye shi, kullum tana sauya masa maɓoya. Akwai dariya sosai a ciki. A ƙarshe hadari ya taso, ruwa ya sauka, ta fito da irin daga cikin hular da ke kansa.

Shugaban sansanin ya yarda bisa sharaɗi. A yi da rana, a gama kafin magariba, a laluba kowa. Muka yi gwaji kwana shida a rumfar nan, da yunwa a cikinmu. Ni na tsara komai a takarda, kamar yadda na saba: wa zai shiga, ta ina, bayan wace magana. Da muka zo wurin hadari na rubuta cewa da zarar manomi ya ɗaga hannu sama ya ce ya gaji, sai tsawa.

A wasan kwaikwayo abin ƙara ɓoye shi ake yi. Haka muka koya, haka kowa yake yi, domin a ba mai kallo mamaki. Emeka ya zaɓo falle mafi kauri a shagonsa, sabo fil. Muka rataye shi a reshen mangwaro bayan katangar aji, inda ba mai ganinsa. A gwaji girgiza shi kawai yake yi. Ni na ce bai isa ba, fili ne babba, a haɗa da duka. Ni na yanko masa guntun katako na ba shi a hannu. Ina so a rubuta wannan daidai, domin shekara da shekaru Emeka yana ɗaukar laifin shi kaɗai.

Ranar wasan, ƙarfe huɗu daidai muka fara. Mutane sun cika filin makarantar, mata a gaba da yara, maza a tsaye a baya. Can gefe manyan tukwane biyu suna kan wuta, abincin yamma na sansanin gaba ɗaya. Da farko shiru suka yi mana. Amma da matar manomi ta ɓoye irin a cikin tulu, mijin ya zo shan ruwa ta hau tari don ta ɗauke masa hankali, sai wata tsohuwa ta fashe da dariya, saura suka bi. Wani mai gadi ya ce mini tun da aka buɗe wurin bai ji irin wannan ba. Na ji kaina ya yi girma.

Manomi ya ɗaga hannu. Ina tsaye a kusurwar katanga inda Emeka yake hango ni. Na sauke hannuna.

Abin da ba na mantawa shi ne ba su yi ihu ba. Ƙarar ta tashi, aka yi shiru na numfashi ɗaya, sannan filin ya watse. Gudu suke yi baki rufe, a sunkuye, kowace uwa ta finciki ɗan da ya fi kusa da ita, nata ne ko ba nata ba. Gudun mutanen da suka riga suka koya ne. Benci ya karye. Tukwanen nan biyu suka kife, abincin ya bi ƙasa. Masu tsaro suka zabura suka nufi inda ƙarar ta fito.

Emeka bai ga komai ba, katanga ta tare shi. Ya zagayo da katakon a hannu, yana murmushi, yana jiran tafi. Bakin bindiga uku ya tarar.

"Na wasa ne, oga," yake ta cewa, hannunsa a sama. "Abeg, kwano ne. Kwano ne kawai."

Allah ya kiyaye, ba a harba ba. Amma wasu sun shiga daji, sai dab da magariba aka samo su. Ranar babu wanda ya ci abinci a sansanin. Kuma wata tsohuwa ta faɗi a kan hannunta, ya karye a wuyan hannu. Ita ce wadda ta fara yin dariya. Sunanta Mama Kuve, daga wani ƙauye a duwatsun Michika.

Shugaban sansanin bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ku kwashe kayanku. Kada in ƙara ganin ɗayanku a nan, har ke malama." Wato har karatun yaran mun jawo an rufe.

A hanyar komawa Emeka ya ce a rushe ƙungiyar. "Malam Sali, mun gama. Wa zai ƙara zama ya kalle mu? Ni ko sunan drama ba na so in ji." Labari ya riga mu isa Jimeta. Aka ce 'yan wasa sun je sun tsorata 'yan gudun hijira. Shekara goma sha biyar muna gina suna a garin nan, muka rushe shi da bugu ɗaya.

Washegari na ɗauki akwatin aikina na koma. Na ce wa mai gadi ba ɗan wasa ba ne ya zo, kafinta ne, akwai benci da aka karya. Shugaban ya dube ni ya daɗe, sannan ya kauce. Na gyara bencin. Na ga takalma warwatse a filin, silifa da robobi, babu wanda ya dawo ɗauka domin ba mai son taka wurin. Na tattara su, na haɗa kowane da ɗan'uwansa, na jera a barandar aji daga ƙanana zuwa manya. Kafin azahar an kwashe.

Kwana na uku na je shagon Emeka na ce ya tashi.

"Ina za mu?"

"Mun zubar musu da abinci. Ba mu da abincin biya. Amma muna da ƙafa, kuma layin famfonsu ya fi namu tsawo."

Muka ari kurar ruwa wurin wani ɗan ga-ruwa. Kullum da hantsi mu cika jarkoki a wata rijiyar burtsatse, mu tura har sansanin, sawu biyu. Emeka yana cikin azuminsu na kafin Ista, ba ya cin komai sai rana ta raba. Mutum ne mai jiki, gumi yana zuba masa kamar an kwara masa bokiti. In mun kai hawa sai ya ce, "Kafinta, tura mana, kai ko nauyin ƙusa ba ka da shi." In ce masa ya rage surutu ya ajiye numfashinsa. Ba mu taɓa maganar wasa ba.

Mama Kuve tana zama gindin darbejiya ta uku daga ƙofa, hannun a ɗaure da karare, aikin mai ɗori. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, baƙa, da wani ƙulli a gefen zaninta wanda ba ta rabuwa da shi. Daga baya na san irin dawar gonarta ne, shi kaɗai ta fito da shi. Kullum in na wuce sai na durƙusa na gaishe ta. Kullum sai ta kau da kai. Kwana takwas haka.

Ran na tara ta ce, "Kai ne mai bindiga?"

"Ba bindiga ba ce, Mama. Kwanon rufi ne."

"Wancan mai tumbi shi ya buga?"

"Shi ya buga, ni na sa shi."

Ta juyo ta dube ni. Sannan ta ce, "Kawo shi in gani."

Washegari muka ɗora fallen a kan kura. Muka nuna wa masu tsaro, muka nuna wa shugaban, muka ce tsohuwa ce ta aike mu. Muka jingina shi a jikin darbejiya. Mata suka taru nesa kaɗan, suna riƙe da yaransu. Mama Kuve ta tashi, ta zagaya shi, ta shafa, ta ɗan ƙwanƙwasa da farce. Ta dubi Emeka.

"Yi."

Ya ɗan girgiza shi, da ƙyar aka ji.

"Ran nan ba haka ka yi ba."

"Mama, ki yi haƙuri. Ba zan iya ba."

"Me kuka ce shi ne wannan?"

Na ce, "Tsawa."

Ta dube ni kamar yadda malami yake duban yaron da ya kasa karatun jiya.

"A wane gari aka taɓa yin tsawa haka? Sama fari, ba iska, ba hadari, ganye ko motsi ba ya yi, sai ƙara. Abu ɗaya ne yake zuwa haka, ɗana. Shi ne ya kore mu daga gida."

Ta zauna, ta gyara hannunta a cinya, ta shiga lissafa mini da yatsun hannu mai lafiyar.

"Ruwa ba ya zuwa kamar ɓarawo. Yana aiko da sallama. Farko zafi ya tsaya cik, tsuntsu ya yi shiru. Sai iska ta taso daga gabas, ta kaɗa ganye. Sai ka ji ƙamshin ƙasa, an yi ruwa a wani wuri. Sai cida, can nesa bayan dutse, kamar ana mirgina turmi. Sai yayyafi. Babbar tsawa ita ce ƙarshe. Wanda ya riga ya ji ƙamshin ƙasa, in tsawa ta faɗi ba ya gudu. Shanya yake kwashewa."

Matan da ke baya suka ce haka ne. Wata ta ce ta manta da kukan kwaɗi, wata ta ce kwaɗi sai bayan ruwa, gardama ta tashi a kai.

Ni kuwa kunya ta rufe ni. A ƙungiyar nan ni ake tsoro a kan tsari. Na taɓa korar mutum daga gwaji don ya shigo ta hagu maimakon dama. Ga shi na ɗauki abin ƙarshe na sa shi a farko, kuma na ɓoye shi bayan katanga. Tsohuwar da ba ta taɓa ganin dandali ba sai ranar da ya karya mata hannu, ita ta gyara mini takardata.

"Yaya wasan ya ƙare?" in ji ta. "Mijin ya sami irin?"

"Sai an gani, Mama."

"To a gani."

Ita ta je wurin shugaban, da mata wajen goma a bayanta. Ban san abin da ta ce masa ba. Na dai san da ya kira ni ya ce, "Ba don ku ba. Kuma sharuɗɗan nata ne, ba nawa ba." Sharuɗɗan su ne kada a ɓoye komai, duk abin da zai yi ƙara a nuna shi tukuna, kwanon ya tsaya a gaban jama'a, kuma ita za ta riƙe shi. Malama ta dawo wa yaranta tun gobe.

Muka yi gwaji a sansanin, a fili, kowa yana gani. Iska, mata huɗu da tabarmi da faifai. Yayyafi, tsabar masara ana zuba ta a hankali cikin ƙwarya. Da muka zo kan ƙamshin ƙasa na ce wannan sai dai a faɗa da baki. Mama Kuve ta ce a'a, a yayyafa ruwa a ƙasa mai zafi. Na ce ruwan da muke turowa tun daga nesa ba na zubarwa ba ne, ni a gidana ko na wanke kwano ba a zubarwa.

"Wa ya ce naka za a zuba?" in ji ta. "Namu ne."

Ranar wasan na biyu, kowace mace ta rage kofi ɗaya daga rabon ruwanta, suka tara a bokiti biyu. Na tsaya ina kallo suna zuwa ɗaya bayan ɗaya. Ban hana ba.

Ƙarfe huɗu saura kwata na fito gaban jama'a. Ba su kai na farko yawa ba, kuma da yawa sun tsaya kusa da ƙofa. Na ce sunana Salihu, ni ne na sa aka yi ƙarar ran nan, ina neman gafara. Na ɗaga ƙwarya na ce wannan ƙwarya ce, ga kukanta. Na ɗaga faifai. Na zo kan kwanon, na ce wannan na shagon Emeka ne, irin wanda ke saman ajin can, duk mai so ya zo ya taɓa. Yara suka fara zuwa. Wani dattijo ya karɓi katakon ya ɗan buga da kansa, ya ce, "Ashe kai ne," kamar yana magana da akuyar da ta shiga masa gona. Na ce babbar tsawa sau ɗaya za a yi ta, a ƙarshe, kuma Mama Kuve za ta ɗaga hannu kafin a yi.

Aka yi wasan. Aka yi dariyar tulu, aka yi ta tari. Manomi ya ɗaga hannu ya ce ya gaji. Muka bar wurin shiru, har ana jin kukan jariri daga can baya. Sai tabarmi suka fara kaɗawa. Sai mata biyu suka bi gaban jama'a suna watsa ruwa da hannu. Ƙasar ta wuni tana shan rana, ruwan yana taɓa ta ƙamshin ya tashi. Na ga dattawan nan sun ɗaga hanci gaba ɗaya. Wani ya cire hularsa. Wata mata ta sa gefen mayafi a fuska, kafaɗunta suna motsi. Waɗanda ke bakin ƙofa suka fara matsowa.

Mama Kuve ta kama gefen kwanon da hannu ɗaya, ta girgiza shi a hankali. Ban taɓa sanin kwano yana da wannan muryar ba. Can ƙasa take, mai nisa, tana zuwa tana komawa. Masara ta fara zuba a ƙwarya. Ba wanda ya ce a yi, sai mutane suka soma buga yatsu a tafin hannu, yayyafin ya yi ƙarfi, ya zama ruwa sosai.

Ta ɗaga hannu sama, kowa ya gani. Ta juya ta miƙa wa Emeka katakon. Ba mu shirya haka ba. Ya girgiza kai. Ta ce, "Mai tumbi, buga. Lokacinsa ne yanzu."

Ya buga.

Babu wanda ya tashi. Daga cikin maza wani ya ɗaga murya ya ce wa matarsa, "Saratu, kwashe shanya." Filin ya ɗauki dariya. Matar manomi ta cire hular mijinta, iri ya zubo, aka yi ta tafi. Emeka ya zauna a ƙasa inda yake, ya rufe fuska da hannu biyu.

Ba zan ƙara gishiri ba, ruwa bai sauka ranar ba. Sai da aka ƙara mako biyu ana ƙuna. Da ya sauka, motoci suka fara kwasar masu komawa, Mama Kuve tana cikin na farko, da ƙullinta. Da kaka ta aiko mini da mudun dawa ta hannun wani direba, da saƙo cewa masara ba ta iya yayyafi ba, dawa ta fi laushin murya. Gaskiyarta. Ta rasu shekara uku da suka wuce, a gidanta. Dawar nan kuwa duk damina ina shuka layi biyu a bayan shago, kuma jikokin wannan dawar ne suke zuba a ƙwaryarmu har yau.

Nan na tsaya. Ngozi ta juya wajen ubanta.

"Baba, ba ka taɓa faɗa mini ba."

"Me zan faɗa?" in ji Emeka. "In ce babanki ya kori ɗaruruwan mutane daga abincinsu da katako?"

"Ka ce ka tura ruwa."

Ta daɗe tana juya takardar, sannan ta ce, "Amma Bappa, an daɗe. Yanzu mutane ba su tsoro kamar da."

Adda Rifkatu ce ta amsa. "Da yawa ba su koma ba, 'yata. Suna nan, suna tuƙa keke, suna sayar da tumatir, wasu ajinku ɗaya a jami'a. Watan jiya taya ta fashe a bakin kasuwa. Mutane suka waiwaya kawai, amma mai kayan miyar da nake ciniki wurinta sai a ƙarƙashin tebur na same ta. Ba ki san kujerar da za ta zauna ba in ta zo kallonmu."

Ngozi ta buɗe takardar, ta ciro biro.

"To nunin ƙarar ya zauna. Kuma sautin kwamfutar ma duk za a kunna shi a gabansu tukuna, a nuna musu lasifikar. Tsawa kuwa ba ta kwamfuta ba, a fito da kwanon. Ni zan riƙe." Ta ɗago kai. "Amma minti goma, Bappa. Kana jan magana."

Na ce sha biyar. Ta ce goma. Muka tsaya a sha biyu, kuma na san zan ci ukun nan ko ta so ko ba ta so ba.

Yanzu muna da fitilu, muna da lasifika, muna da yara masu digiri da suka san sunayen abubuwan da mu muka yi ta yi ba mu san suna da suna ba. Ina jin daɗin haka. Kwanon ya yi tsatsa a gefe, jiya na goge shi na sa masa sabuwar igiya.

Ga roƙona gare ka, mai karatu. Ka zo wasannin nan uku, musamman na ƙarshe, wanda za a yi a filin makarantar da abin ya faru. Idan ka san wani wanda ya zo garin nan da gudu a waccan shekara, kuma tun daga nan bai ƙara shiga taro ba, ka je gidansa ka taho da shi. Ka faɗa masa babu abin da za a ɓoye bayan katanga. Ka zaunar da shi a layin gaba, inda zai ga hannuna da hannun Ngozi. Kuma ku iso ƙarfe huɗu saura kwata, ba huɗu ba.